Yaro Ba Ya Kara: Labarin Rayuwata da Alƙalami

A cikin badala aka haife ni, a birnin Kano, a wani gida mai soro biyu da tsakar gida ɗaya, inda mu yara muka haura goma idan aka haɗa da 'ya'yan baffanninmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinki ne. Ba a san gidanmu da boko ba, amma an san shi da kakarmu, wadda muke kira Iya. Da an idar da sallar isha, an sauke kwanukan tuwo, sai ta jawo tabarmarta gindin bango, ta rage lagwanin fitila, ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" Har 'ya'yan maƙwabta sukan tsallako.

Iya ta iya muryar Gizo, yadda yake ce wa sarki "sayki", ta iya rurin Dodo, ta iya kukan 'yar mowa da na 'yar bora. Sai da na girma na gane cewa idonta ma yana aiki yadda bakinta ke yi. Tana labari tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga ƙaramin cikinmu ya fara gyangyaɗi, ko wani ya fara tsokanar ɗan'uwansa, nan take za ta shigo da Dodo, ko ta ɗauko waƙa mu amsa mata. Ba ta taɓa ce mana "ku yi shiru ku saurara" ba. Idan muka yi surutu, labarin take gyarawa.

A firamare na fara ganin labari a kan takarda. Malaminmu na Hausa yakan karanta mana Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen darasi, ya tsaya daidai inda aka fi so, ya rufe littafin. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, ashe ana iya kama tatsuniya a ajiye ta, a dawo gobe a same ta yadda aka bar ta. Iya kuwa kullum sai tata ta ɗan canza. Na tambaye ta wata rana ko tana so in rubuta mata nata. Ta ce, "Ke dai ki riƙe a ka, takarda gara ke ci."

Rubutu na gaske a makarantar kwana ta 'yan mata na fara shi. Lokacin littattafan soyayya sun fara cika Kano, waɗanda daga baya masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Littafi ɗaya kan shigo ɗakin kwananmu a ɓoye cikin garin kwaki ko ƙarƙashin kayan sawa, ya zaga hannu talatin kafin bangonsa ya rabu da shi. Wani lokaci har raba shi ake yi gida uku, wata na karanta farko wata na tsakiya. Wata rana littafin da muke karantawa ya ƙare a na ɗaya, na biyun kuma babu mai shi. Ƙawata ta kwana tana ƙorafi. Da daddare, lokacin karatun dare, na ɗauki littafin rubutu mai shafi tamanin na ƙarasa labarin yadda nake ganin ya kamata ya ƙare. Kafin mako ya zagayo sai da aka yi layi a kansa. Wata babbar ɗaliba ta ƙwace shi tana cewa za ta kai ni gaban malamai, bayan kwana biyu ta kira ni bayan aji, ta miƙo min shi, ta ce, "Ina ci gaban?" Tun daga ranar na daina ƙarasa labarin wasu, na fara nawa.

Na gama sakandare aka yi min aure. Allah ya haɗa ni da miji mai haƙuri, wanda ya tarar da ni tsakar dare ina rubutu da fitilar ƙwai, ya zauna ya karanta shafi biyar, ya ce, "Wannan ai bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin katifa ba." Shi ya bar ni na koma na yi NCE, wato karatun shaidar malanta, na fara koyarwa a firamare, kuma shi ya yi min zirga-zirgar littafina na farko, don a lokacin ba na iya shiga kasuwa in yi ciniki da maza.

Da kuɗin adashi na buga shi. Wanda bai ga zamanin ba, ba zai san wahalar ba. Sai an kai rubutun hannu wurin mai buga takardu, shi kuma sau da yawa ba Bahaushe ba ne, ko kuma Bahaushen ne amma bai san ƙa'idar rubutu ba. Na'urarsa ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Na zauna kwana uku da baƙin biro ina yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, don kada "ƙafa" ta zama "kafa", kada "ɓata" ta zama "bata". Daga nan a kai maɗaba'a, a sayi takarda rim-rim, a yi faranti, a buga, a naɗe, a ɗinke da waya. Sai kuma kasuwa. 'Yan littattafai na wajen Bata da Sabon Gari da Kurmi su ne sarakunan harkar. Su za su karɓi kaya bashi, su biya ka kaɗan-kaɗan idan ya shiga. Su ne kuma suka koya min cewa labari ba a sakinsa gaba ɗaya: a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya tsaya a inda numfashin mai karatu zai ɗauke, a rubuta a ƙasa, "Mu haɗu a littafi na biyu." Ta hannunsu littafin da na rubuta a ɗakina ya kai Kaduna da Jos da Gusau da Sakkwato, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. Akwai kuma masu ba da haya a unguwanni, yarinya ta biya 'yan kuɗi kaɗan ta karanta ta dawo da shi. Wannan ba ya kawo wa marubuci ko kwabo, amma shi ya sa aka san mu a cikin gidaje.

Shekarun farko 'yan mata da samari nake rubuta wa, kuma na bi abin da kasuwa ke so. Yarinya kyakkyawa 'yar talaka, saurayi ɗan mai kuɗi, iyaye su ƙi, a sha wuya, a ƙarshe a ɗaura aure. Ba na jin kunyar waɗannan littattafai. 'Yan mata da yawa da aka cire daga makaranta da su suka riƙe karatunsu, wasu ma da su suka koya. Na san matar da ta shiga makarantar yaƙi da jahilci don kawai ta gaji da roƙon ƙanwar mijinta ta karanta mata. Amma an zage mu ƙwarai. A jaridu an yi ta muhawara a kanmu a shekarun 1990, a kan mumbari an kira mu masu ɓata tarbiyya, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano a bainar jama'a. Ranar na yi kuka. Sai dai ko a lokacin, a cikin zuciyata na san cewa a cikin sukar akwai wadda take da gaskiya, don akwai masu rubuta abin da ba za su yarda 'ya'yansu su karanta ba. Abin da ya yi min ciwo shi ne kuɗin goro da aka yi mana.

Wasiƙar wata yarinya ce ta canza ni, duk sukar malamai da ta jaridu ba su yi ba. A lokacin muna sa lambar akwatin gidan waya a bayan littafi, kafin wayar hannu ta zo a 2001. Maigidana ya kawo min wasiƙu, a ciki akwai wata da aka rubuta a takardar da aka yago daga littafin lissafi. Yarinyar ta ce shekarunta goma sha biyar. Ta ce, "Anti, na karanta littafinki sau huɗu. Ita kin sa ta auri wanda take so a shafin ƙarshe. Ni ranar Juma'a za a ɗaura min da wanda ban taɓa magana da shi ba. Ki gaya min me zan yi." Ba ta sa adireshi ba. Ko da ta sa, wasiƙar ta yi mako uku a hanya. Na daɗe zaune da takardar a hannuna. Na ga cewa na sayar wa yarinyar nan mafarki, ranar da ta buƙaci wani abu da za ta riƙe kuma, babu shi a cikin shafi ɗari biyu da na rubuta.

Ban daina rubuta soyayya ba, don wanda ya ce zai yi wa 'yar shekara goma sha shida labari ba tare da zuciyarta a ciki ba, bai san ta ba. Amma na daina yi musu ƙarya. Na fara sa yarinyar labarina tana da goggo ko yaya ko malama da za ta iya kai wa kuka. Na fara nuna abin da ke faruwa bayan an watse daga biki, lokacin da kuɗin cefane ya zama magana. Na rubuta yarinyar da ta faɗi jarrabawa ta sake zama, da yaron da ya fara shan maganin tari don abokai, da wadda saurayi ya yaudara kuma duniya ba ta ƙare ba. Matasa suna da hanci mai jin warin wa'azi tun daga nesa. Da ka ɗaga yatsa ka fara "ya ku 'yan mata", sun tsallake shafin. Amma idan ka bar yarinyar labarin ta yi kuskurenta, ta ɗanɗana kuɗarta, ta tashi da ƙafarta, za su bi ta har ƙarshe, su kuma yi wa kansu hisabi ba tare da ka ce komai ba.

Rubutun manya rayuwa ce ta tura ni cikinsa. Maigidana ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar ni da yara biyar. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, kuma a cikin kwanakin nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk da ina cikin mutane: yadda gida ke cika kwana bakwai sannan ya zama kufai, yadda maganar gado ke raba 'yan'uwan da suka sha nono ɗaya, yadda ake fara yi wa mace kallon bazawara tun hawayenta bai bushe ba. Ban rubuta komai ba sai da shekara ta zagayo. Da na zauna kuwa, labarin wata mata mai takaba ya fito, ba ni ba ce, amma da idona take gani. Wani gidan rediyo ya karanta shi kashi-kashi da daddare. A nan na san cewa akwai masu sauraro da ba su taɓa riƙe littafina ba: tsofaffi, direbobi, masu gadi, matan da ke cikin kulle. Wata mata ta kira ni, ta yi sallama, sai kuka. Mun fi minti biyar a haka, ni ma ina yi. Da ta samu magana cewa ta yi, "Hajiya, wa ya gaya miki?" Daga nan na rubuta kishi, na rubuta saki da abin da yake yi wa 'ya'ya, na rubuta matar da ta kamu da yoyon fitsari dangi suka guje ta.

Sai dai manya suna da kara. Mutum zai gamu da ke a gidan biki ya ce, "Allah ya ƙara basira, littafin nan ya yi ma'ana," alhali bai wuce shafi na goma ba. Marubuci na iya shekara ashirin yana cin wannan yabon, ya ɗauka ya iya.

Zuwan manyan wayoyi ya juya harkar gaba ɗaya. Shagunan littattafai da yawa suka koma sayar da wani abu, takarda ta yi tsadar da ba a iya bugawa a ci riba, masu karatu suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad. Yanzu marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, sannan mai so ya tura kuɗi a sa shi a rukunin masu biya. Na gwada. Akwai daɗi, don kana saki ana ba ka amsa a take, kuma yarinyar da ke ƙauye ba ta buƙatar adashi ko ɗan kasuwa kafin a karanta ta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta fito da mata masu hannu da ba a san da su ba. Amma akwai abin da ban iya jurewa ba. Kullum sai ka saki sabon shafi ko a yi ta kiran waya, babu lokacin da labari zai kwana ya huce a gyara shi. Ga masu kwafe aikinka su raba kyauta. Ga kuma matsin a sa batsa don a samu masu biya. Na ja baya kaɗan, ina saki idan na gama, ba idan an matsa min ba.

Duk tsawon shekarun nan ina koyarwa a firamare, amma ban taɓa tunanin rubuta wa yara ba. A raina ina ganin ƙaramin aiki ne. Jikata ce ta farkar da ni. Tana da shekara shida ta zo hutu, ta san sunan duk wani zanen katun da ke cikin wayar uwarta, na tambaye ta Gizo ta ce, "Wanda yake saƙa a bango?" Da na koma aji na duba da kyau. Yara sun haura tamanin a aji uku, kuma in ban da littafin darasi, babu ko littafin labari ɗaya na Hausa da yaro zai ɗauka don nishaɗi. Muna koya musu ba, be, bi, bo, bu, su haɗa baƙi da wasali, su iya, sannan babu abin da za su karanta da iyawar.

Na ce wannan ai aikin mako ɗaya ne. Na rubuta labarin wata yarinya mai gaskiya da riƙon amana, shafi goma sha biyu, na shiga aji da shi ranar Alhamis. Ban gama shafi na biyu ba na ji benci ya fara ƙara. Wani yaro ya nemi izinin fitsari, uku suka bi shi. 'Yan baya suka fara cacar ƙwallon goruba. Wata yarinya a layin gaba, wadda take ƙaunata ƙwarai, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yaushe za a fara labarin?" Ni da aka karanta littafina a rediyo, ni da manyan mata suka yi wa kuka a waya. Yaro ba ya kara. Idan labari bai kama shi ba, tashi zai yi.

A daren na tuna Iya da idonta. Na ɗauko labarin na duba, na ga shafi biyu na farko duk bayanin halin yarinyar ne, babu abin da ya faru. Na yaga. Na sake farawa da akuya da ta shiga kicin ta sa kai a tukunya, kan ya maƙale. Jimla ta farko ke nan. Na sa waƙa da ake maimaitawa duk lokacin da wani ya zo cire tukunyar ya kasa, don yara su amsa. Na rage kowace jimla zuwa kalma biyar ko shida. Sai na ci karo da abin da ban taɓa lura da shi ba a rubutun manya: rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Babba ya ga "gari" ya san ko na zama ne ko na tuwo daga abin da ke kewaye da shi. Ya ga "kuka" ya san ko bishiya ce ko hawaye. Ɗan aji biyu da ke haɗa gaɓa da yatsa ba shi da wannan. Dole ko in kauce wa kalmar, ko hoto ya tsaya kusa da ita ya taimake shi. Labarin da bai kai kalma ɗari uku ba ya ci min wata biyu, na sake shi sau tara, kowane sau ina gwada shi a aji ina kallon fuskoki.

Zane ma sai da muka yi fama. Yaron da ya zana min ya iya hannu, amma ya saba kwaikwayon littattafan waje: ya zana gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, uwa da siket. Na ce masa ya je gidan kakarsa ya zauna yini guda ya dawo. Ya dawo da randa da moɗa, da murhu mai duwatsu uku, da tsintsiyar kaba a jingine, da uwa mai goyo da zani. Ranar da na nuna wa yara, wani ya yi tsalle ya ce, "Wallahi gidanmu ne!"

Kasuwa kam ba ta karɓe shi ba. Ɗan kasuwar da muka yi shekaru muna hulɗa ya jujjuya shi ya ce, "Hajiya, yara ba su da kuɗi, iyaye kuma in za su saya na Turanci za su saya." Bai yi ƙarya ba. Bugun launi yana da tsada, makarantun kuɗi da yawa ba sa son a ji Hausa a harabarsu. Da kuɗin littattafan manya nake buga na yara, in bi makarantun gwamnati da na Islamiyya da kaina, wani wuri a saya, wani wuri in bar musu goma. Har yau ina rubuta wa matasa, ina rubuta wa manya, amma duk wanda ya karanta littattafaina na baya-bayan nan zai ga sun rage kitse. Yaran aji uku ne suka koya min in shiga labari ta ƙofa, in daina zagaye.

A ajina na ajiye kwali ɗaya na littattafan, ina ba da aro ranar Alhamis a dawo da shi Litinin. A zangon da ya wuce wata yarinya, marar magana sosai, ta dawo da nata da tabon miyar kuka a bango, tana rawar jiki don tsoron faɗa. Na tambaye ta ko ta karanta. Ta ce sau uku, kuma ta karanta wa kakarta, wadda idonta ya tafi. Littafin tatsuniyar Gizo ce da na rubuta yadda na riƙe daga bakin Iya. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, Kaka ta ce a gaishe ki. Ta ce kin yi ƙoƙari, amma ba haka ƙarshen yake ba, kuma kin manta waƙar Ƙoƙi."

Na tambaye ta unguwarsu. Ranar Asabar da la'asar na sayi goro da sabulu, na sa sabon littafin rubutu mai shafi tamanin a jaka, na hau A Daidaita Sahu. Na tarar da tsohuwar zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ni ce malamar, na zo a gyara min." Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta sa aka kira yaran gidan duka suka zauna, don ta ce ita ba ta yi wa mutum ɗaya tatsuniya. Ta ce mu jira a yi magariba tukuna.